Sunan da Saleh Ya Rubuta

Sufeto Adoum bai gama shan shayinsa na safe ba wani dattijo ya faɗo ofishin ba tare da an yi masa iso ba. Babbar riga ce ta shadda a jikinsa, zafin Garwa ya riga ya jiƙa mata baya. Ya ce sunansa Alhaji Shu'aibu, yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma ƙarar sata ya kawo.

"Me aka sace?"

"Kuɗin marayu, Shef."

"Wa ya sace?"

"Uwarsu."

Adoum ya ajiye kofi. Aikin ɗan sanda ya daɗe da koya masa cewa duk wanda ya zo da ƙara da ɓarawo da hukunci a aljihu guda, to a fara dubansa shi kansa. Ya nuna masa kujera.

Alhaji ya zauna ya zayyana. Ƙaninsa Saleh direba ne a wani kamfanin jigilar auduga, yana zirga-zirga tsakanin Tuboro da Garwa. Motarsa ta kife a bayan Ngong, ya rasu, ya bar mata ɗaya da yara biyu. Kamfanin yana da asusun fansho, kuma idan ma'aikaci ya mutu kafin ya ajiye aiki, ana biyan kuɗin rasuwa ga duk wanda ya rubuta sunansa. Dangi suka ce a bari matar ta fita takaba a raba komai tare. Makon jiya Alhaji ya je kamfani, aka ce masa ai tuni an biya. Matar, Kaltumi, ita ta zo da ƙafarta ta karɓa.

"In sunanta ya rubuta ai ba sata ba ce, Alhaji."

"Ta dafa Alƙur'ani ta ce ba ta karɓa ba. Wanda ya karɓi abu ya rantse bai karɓa ba, mene ne sunansa?" Ya goge wuya da hannun riga. "Mun riga mun zauna. Ranar da ta fita takaba za ta koma gidan ubanta a Bibemi ita kaɗai. Yaran suna nan wurinmu. Ɓarauniya ba za ta riƙe mini 'ya'yan ƙanina ba."

"Yaushe za ta fita?"

"Jumma'ar nan."

"Kafin makon jiya ka san sunanta ne a rubuce?"

"Ina zan sani? A ranar na fara ji."

Adoum ya rubuta, ya ce masa ya tafi, za a neme shi. Sannan ya kira Rosalie, 'yar sandan da yakan tafi da ita duk inda bincike zai shiga cikin mata. Haifaffiyar unguwar Yelwa ce, Hausa da Fulatanci duk a bakinta suke.

Kamfanin yana bakin gari. Manyan motoci jere a fili, ɓurɓushin auduga yana manne wa mutum a gashin ido. Shugabar ofishin ma'aikata, Madam Albertine, mace ce mai tabarau da tsabta, irin waɗanda ko ƙuda ba ya sauka a teburinsu sai da izini. Da Faransanci suka yi magana.

"Duk shekara sai na tara direbobin nan na roƙe su," in ji ta. "Wanda ya yi aure ya zo ya gyara suna. Wanda ya rabu da mace ya zo ya gyara. Kuma in ka gyara ka faɗa wa mutanen gidanka. Sai su yi dariya su ce ina kira musu mutuwa. Akwai wanda ya rasu da sunan uwarsa a takarda, uwar kuwa ta riga shi tun yana saurayi."

"Saleh fa?"

"Saleh ya gyara. Da aka yi masa haihuwa ta biyu ya zo ya cire sunan da ya sa tun bai yi aure ba, ya sa na matarsa."

"Sunan wa ya cire?"

"Ban riƙe ba. Tsohuwar takarda a gaban mai ita muke yagewa."

"Ranar biya, yaya aka yi?"

"Matar ta zo ita kaɗai da hantsi. Ta kawo katin shaidarta da takardar rasuwa. Na gwada hoto da fuska, ta dangwala yatsa, aka ba ta a kes, wurin biyan kuɗi."

"Kin ga fuskarta?"

"Sosai."

Ta faɗa da sauri, ta shiga gyara takardun da ba su nemi gyara ba. Adoum ya karɓi takardar dangwalen ya duba. Ya san sai an aika da ita Yawunde a gwada zanen yatsan, kuma kafin amsa ta dawo Kaltumi ta yi watanni a Bibemi tana kwana ba 'ya'yanta.

Suna miƙewa Madam ta ce, "Shi kuma wannan Alhajin ku ja masa kunne. Karo na biyu ke nan yana zuwa yana ɗaga mini murya."

Adoum ya tsaya a bakin ƙofa. "Na biyu?"

"Ai ana gama sadakar bakwai ya zo, wai a ba shi kuɗin tunda shi ne babba. Na ce masa sunan matar ne, sai ita. Ya fita har yana manta hularsa."

A mota Rosalie ta ce, "Shef, Alhaji ya yi mana ƙarya."

"Madam ma ta yi. Tata ce ban gane inda ta dosa ba tukuna."

Gidan marigayi yana unguwar Hausare, a wani lungu da mota ba ta shiga. Wadda ta amsa sallama mace ce mai jiki, mai sakin fuska. Ta ce ita ce Hafsatu, yayar Saleh, ƙanwar Alhaji. Ta baro gidan mijinta a Ngong ta zo zama da mai takaba. Ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar dalbejiya, ta kawo ruwa, ta kira Kaltumi.

Kaltumi ta fito cikin wani koɗaɗɗen hijabi. Ba kwalli, ba ɗan kunne, ba ƙamshin komai sai na sabulu, kamar yadda mai takaba take zama. Ta durƙusa daga nesa. Yarinya 'yar shekara shida ta maƙale a bayanta, ƙaramin kuma yana barci a ɗaki.

Adoum ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ya ce, "Malama, kin je kamfanin mijinki?"

"Ban taɓa taka wurin ba, Yallaɓai. Tun ranar da aka fita da shi ban ƙetare zauren nan ba."

"Kin san sunanki ya rubuta?"

"Ban sani ba. Ban ma san akwai wasu kuɗi ba sai ranar da Yaya Alhaji ya shigo yana faɗa."

"Mijinki bai taɓa gaya miki ba?"

"Shi ba mai magana ba ne."

"Katin shaidarki yana ina?"

Ta tashi ta ɗauko shi daga akwati. Adoum ya juya shi gaba da baya. Lambarsa ta yi daidai da wadda ya kwafo a kamfani.

"Ya taɓa barin hannunki?"

Idonta ya ɗan ɗago, ya koma ƙasa. "A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"A'a, Yallaɓai."

Bai ja ba. Ya juya ga Hafsatu. "Hajiya, ke da kike kwana da ita, kin taɓa ganin ta fita?"

"Ni dai ban gani ba, Shef, tsakani da Allah. Sai dai lokacin da aka ce an karɓi kuɗin ba na nan. An yi mini jika a Ngong, na je suna, na yi mako." Ta yi ajiyar zuciya. "Abin da ido bai gani ba ai ba a rantsuwa a kansa."

Kaltumi ta ce a hankali, "Yallaɓai, ita kaɗai ta rage mini a danginsa. Kowa ya daina cin abin da na dafa." Ta share hawaye. "Kuɗi ban san su ba, ban nema ba. A bar mini yarana kawai."

Adoum ba mai saurin tausayi ba ne, don ya sha ganin hawayen da ake kunnawa a kashe kamar famfo. Amma wannan ya taɓa shi, kuma ya ji haushin hakan, domin ya tabbata ita ma ta ɓoye masa wani abu a kan katin.

Daga nan kasuwa suka nufa. Alhaji Shu'aibu yana tsakiyar auna wa wata Bafulatana atamfa, ya hango su, ya sallame ta ba ciniki.

"Alhaji, hularka da ka manta a kamfani, ka koma ka ɗauka?"

Adoum bai jira amsa ba.

"Ka ce mini makon jiya ka fara ji. Tun bayan sadakar bakwai ka sani. Ka san sai mace za a ba. Katin matar yana cikin gidan da kake shiga ba sallama. Nawa ne a samo mace a lulluɓe ta?"

"Subhanallahi. Ni zan ci kuɗin 'ya'yan ƙanina?"

"Ban ce ka ci ba. Tambaya nake me ya sa ka yi ƙarya."

Alhaji ya zauna a kan bandir ɗin yadi, ya rage murya saboda maƙwabta. "Kunya, Shef. Kakanmu tun daga Kano ya zo garin nan da fatauci, ba a taɓa jin wani a gidanmu ya tsallake 'yan'uwansa ya miƙa wa mace dukiya a takardar Nasara ba. Abin da mamaci ya bari gado ne, akwai yadda Allah ya ce a raba. Yaron nan a hannunmu ya tashi. In fito in ce wa mutane ya zaɓi matarsa a kanmu? Na haɗiye, na ce in ta fita takaba in kai ta da kaina ta karɓa, a kira malami."

"Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa."

"Ba kowa?"

"Na ce maka na haɗiye."

Adoum ya dube shi. Mutumin da ya shigo ofishin 'yan sanda yana shelar sirrin gidansa tun daga bakin ƙofa, wai shi ne ya haɗiye irin wannan magana wata da watanni. Sufeto bai yarda ba, amma ya bar shi, ya ce kada ya bar gari.

Washegari ya koma kamfani. Wannan karon bai zauna ba. Ya ajiye hotunan mata uku a teburin Madam Albertine, ɗaya na Kaltumi, biyu kuwa daga wani tsohon fayil ya zaro su.

"Wacce ce ta zo?"

Madam ta gyara tabarau. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗora yatsa a kan wata mata da aka taɓa kamawa da satar awaki a Pitowa.

"Madam, wannan tana kurkuku tun bara."

Sai ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ban ga fuskarta ba," in ji ta. "Ta zo a rufe, ido kawai. Na ce ta ɗaga, ta ce tana takaba, addininsu bai yarda ta buɗe fuska a wajen gida ba. Tana kuka. Mijinta ya mutu a motarmu, Musye Sufeto. Ni daga kudu na zo, ba na son a ce na wulaƙanta addinin mutane. In darekta ya ji, aikina ya tafi."

"To me kika gani?"

"Hannunta kawai, da za ta dangwala."

"Yaya hannun yake?"

"Kyakkyawa. Ta sha lalle, zane har wuyan hannu, farce jawur. Sabo ne ma, don har ƙamshinsa yana tashi tare da turarenta."

Adoum da Rosalie suka dubi juna.

"Lalle," in ji Adoum. "Da turare."

"I. Laifi ne?"

"Mai takaba ba ta ƙunshi, Madam. Ba ta sa turare, ko kwalli ba ta sawa har ta fita. Rufe fuskar da ta faɗa miki ita ta ƙirƙiro abinta, amma wannan kowace yarinya a Hausare ta san shi. Ta sayar miki da takaba a fuska, ta manta da hannu."

Madam ta dafe ƙirji. Sannan, kamar wadda ake zare wa haƙori, ta jawo wayarta. "Akwai abin da ban faɗa ba. 'Yar ƙanwata za ta auri wani yaro Musulmi, muna neman zanen da za a yi mata. Na roƙi matar in ɗauki hoton hannun. Ta so ta ƙi, na riga na ɗauka. Na ji kunyar a ce ina ɗaukar hoton ado a hannun wadda ta zo karɓar kuɗin mutuwa."

Hoton ya fito tas. Hannun dama ne a kan tebur, baƙin zane mai kama da ganyen gwanda ya bi bayansa, yatsu sun sha ja. A gindin babban yatsa akwai tsohon tabon ƙuna, fari, wanda lallen bai kama ba.

Rosalie ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu. "Shef, wannan aikin Yagana ne. Duk matar Garwa ta san hannunta. Ita kaɗai ke rufe zane da ɗigo uku a wuyan hannu."

Yagana Babarbariya ce, tana ƙunshi a wata rumfa cikin gidanta a Sabongari. Sun same ta da amarya a gaba, ƙafafu a cikin leda. Ta kalli hoton sau ɗaya, ta kawar da kai.

"Ban san shi ba."

"Ba aikinki ba ne?" in ji Rosalie. "To na gode da kika faɗa. Dama mata suna cewa akwai wata a Rumde da ta fi ki hannu yanzu. Nata ne ke nan."

"Wace ce a Rumde?" Yagana ta fizge wayar. "Waccan mai zane kamar tafiyar kaza? Wannan nawa ne, ko a mafarki na gan shi na san shi."

Ta gama faɗa sannan ta gane an ja ta. Ta harari Rosalie.

Adoum ya ce, "Hannun wa kika yi wa?"

"Shef, mata nawa ke zama a gabana?"

"Masu tabo a gindin yatsa nawa ne?"

Yagana ta tura amaryar ɗaki, ta rage murya. "Ni ba na son shiga maganar gidan mutane. Ta zo nan ne da kanta, ta ce ba za ta kira ni gida ba tunda gidan makoki ne, ba daɗi matar ƙaninta ta gani. Sunan jikarta za ta je a Ngong, kuma kaka ba ta shiga taro da farin hannu. Na ce mata tabon nan ba zai kama ba, ta ce ta sani, ya fi shekara ashirin."

"Sunanta?"

"Hajiya Hafsatu."

Ranar Alhamis da la'asar Adoum ya sa aka kira Alhaji Shu'aibu gidan marigayi. An riga an fito da akwatin Kaltumi an jingine a bakin ɗaki, an ɗaure tabarmarta da igiya. Kayan yaran ba a taɓa su ba.

Suka zauna a inuwar dalbejiya. Alhaji a kujera, matan biyu a tabarma, Rosalie a tsaye kusa da zaure.

"Malama Kaltumi," in ji Adoum, "gobe za a raba ki da 'ya'yanki. Zan sake tambayarki, kuma daga wannan ba zan ƙara ba. Katinki ya taɓa barin hannunki?"

Kaltumi ta dubi akwatin, ta dubi ɗakin da yaran suke. Hawaye ya zubo mata.

"Sau ɗaya. An ce za a rufe layin waya in ba a sabunta rajista ba, ni kuma ba na fita. Yaya Hafsatu ta tafi da shi za ta yi mini." Ta juya da sauri. "Yaya, ki yafe ni. Ban so in sa sunanki a bakin 'yan sanda ba, alheri kika yi mini."

"Ai gaskiya ne," in ji Hafsatu, ba ko gezau. "Na kai, na dawo mata da shi. Laifi ne?"

"Yaushe?"

"Kafin in tafi Ngong na karɓa. Da na dawo na ba ta."

"Kika ce mako kika yi a can."

"Mako na yi."

"Alhaji, da aka gaya maka a kamfani sunan Kaltumi ne, wa ka faɗa wa?"

Dattijon ya motsa a kujera. "Na ce maka ba kowa." Ya kalli Hafsatu. "To, ita wannan ai ba kowa ba ce, cikinmu ɗaya. Ranar na dawo raina a ɓace, na same ta a zaure, na faɗa mata."

"Rosalie, duba mini hannuwansu."

Rosalie ta kama hannun Kaltumi ta ɗaga. Farce fari fat, sai ɗan ja siriri a can baki, ragowar wanda ta yi tun mijinta yana da rai. Zanen lalle yakan goge a fata, amma na farce ba ya fita sai farcen ya tsiro ya ture shi. Ta kama na Hafsatu. Rabin kowane farce ja ne.

"Suna na je," in ji Hafsatu. "Kowa ya san na yi ƙunshi."

"Kowa ya sani," in ji Adoum. Ya miƙa wayar a gaban Alhaji. "Wannan hannun matar da ta karɓi kuɗin ne, a kan teburin kamfani. Yagana ta shaida zanenta, ta faɗi wadda ta yi wa. Dubi gindin yatsan, Alhaji. Ka san tabon?"

Alhaji ya daɗe yana kallo. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hafsatu?"

Hafsatu ta zare hannunta daga na Rosalie. Ba ta ɓoye shi ba, ta ɗora shi a gwiwa tana kallon tabon.

"Ka san shi mana, Yaya. Ka san inda na same shi. Man ƙosai ne, a bakin tasha. Da Inna ta rasu kai kana Kusseri kana neman kuɗinka, ni na goya Saleh. Da ƙosan nan na biya masa koyon mota, na sayar da keken ɗinkina na karɓo masa lasin. Ranar da aka ɗauke shi aiki ya zo har ɗakina ya durƙusa, ya ce, 'Yaya, an ce a rubuta sunan wanda za a ba in mutum ya mutu. Naki na rubuta.' Na ce ya rufe mini baki, Allah Ya sa shi zai binne ni. Amma na riƙe maganar. Ba don kuɗin ba, don a duniya akwai takarda guda da ta san abin da na yi."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Sai a bakinka na ji ya cire ni. Yana zuwa Ngong, yana cin tuwona, yana dariya da ni, ashe ya yage sunana tun tuni. Da ya faɗa mini ya ce, 'Yaya, na yi yara,' wallahi da ni zan raka shi ya canza. Bai faɗa ba."

"Kunyarki ya ji," in ji Alhaji a sanyaye.

"To kunyar ta kai mu nan."

"Yaya kika yi?" in ji Adoum.

"Washegarin suna na hau mota na shigo gari, ban biyo ta gida ba. Na sayi niƙabi a kasuwa. Na karɓa, na koma Ngong kafin magariba." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Na tuna da murya, na tuna da tafiya, har hijabin Kaltumi na ɗauka. Hannu ne ban tuna ba."

"Ina kuɗin?"

"Suna cikin kwalla a ƙarƙashin gadona. Ko sefa ban taɓa ba. In sayi me da su wanda ba za a tambaye ni ba?"

Sai da Rosalie ta matso ta dafa kafaɗar Hafsatu sannan Kaltumi ta ɗago.

"Yaya."

Hafsatu ba ta dube ta ba.

"Kuɗin, da kin tambaye ni, da na ce ki ɗauka. Na san ke kika raine shi, kullum yana faɗa. Wannan na yafe." Ta matso kusa da ita. "Amma ranar da aka zauna a tsakar gidan nan aka ce mini ɓarauniya, aka ce za a karɓe mini yara, kina nan. Na riƙe ƙafarki ina cewa ki sa baki. Kika ce in yi haƙuri, ke za ki riƙe mini su kamar naki."

Hafsatu ta kawar da kai.

"Da kin tafi da su Ngong, me za ki ce musu uwarsu ta yi?"

Alhaji Shu'aibu ya sunkuyar da kai, girman ya zube masa gaba ɗaya. Ya tashi da ƙyar, ya je bakin ɗaki, ya kwance igiyar tabarmar da hannunsa, ya ɗauki akwatin ya mayar ciki. Bai iya kallon Kaltumi ba.

Adoum ya miƙe. Bai ji daɗin da yakan ji in ya kama mai laifi ba. Haushinsa ma ya fi karkata ga wanda ke kwance a maƙabarta, mutumin kirki da ya yi abin da ya dace ya kasa buɗe baki ya faɗa wa mata biyu.

"Mu je, Hajiya," in ji shi.

Rosalie ta ciro ankwa, ya girgiza mata kai. Hafsatu ta gyara mayafi, ta sa takalmi, ta bi su. A bakin zaure ta tsaya kamar za ta juyo ta yi sallama, amma Kaltumi ta riga ta shige ɗaki wurin 'ya'yanta ta saki labule.